Ranar da Zarami Ya Tafi Ikko Wajen Ɗanliti

Duk wanda ya yi zama a tashar manyan motoci ta Kazaure a shekarun baya ya san Zarami direba. Sunansa na yanka Muhammad Nur, amma ba mai kiransa da shi sai mahaifiyarsa, ita ma ta daɗe da rasuwa. Mahaifinsa Babarbare ne daga wajen Gaidam. Fataucin kanwa ya kawo shi Roni, gari ya yi masa, ya nemi fili ya zauna. A nan Zarami ya tashi, Hausa a waje, Barbarci a tsakar gida, har girma ya zo Barbarcin ya rage sai na gaisuwa da na faɗa. Bai yi nisa a boko ba. Tun yana saurayi ya bi babbar mota, ya yi wanki, ya ɗaure kaya, ya sa wa taya dutse a gangare, har aka yarda da hannunsa aka ba shi sitiyari. Daga nan hanya ta zama gidansa. A yi lodin gyaɗa ko riɗi a Babura, a nausa Kurmi, a sauke a Ikko, a ɗauko gishiri ko kwanon rufi a juyo.

Matarsa Halimatu Sadiya 'yar Kanya Babba ce, mace mai fara'a da son hira, abin da shi bai iya ba. Sun haihu sau da dama, amma 'ya ɗaya ce ta tsaya, Bilqis, wadda aure ya kai Gwiwa.

Aboki kuwa, in aka ce aboki na gaske, guda ɗaya Zarami yake da shi. Monday bakanike ne, Kirista daga Binuwai, ya zo Kazaure yana matashi ya buɗe gareji a bayan tasha. 'Yan tasha suka fassara sunan, suka mayar da shi Ɗanliti, ya kuma amsa. Abotar ta ƙullu ne lokacin da motar Zarami ta mace masa a dajin da ke tsakanin Mokwa da Jebba da lodin gyaɗa. Saƙo ya iso Kazaure ta bakin wani direba, Monday ya ɗaure kayan gyaransa a buhu, ya bi motoci har ya same shi. Kwanaki suka yi a gindin motar nan, suna gyara suna shan gari da ƙuli. Tun daga ranar ba a ƙara yin suna ko biki a gidan ɗaya babu iyalin ɗaya ba. Matar Monday, Helen, a wajen Sadiya ta koyi tuƙa tuwon dawa, ita kuma Helen ta koya wa Sadiya miyar agushi.

Zarami yana Badun wata rana aka kira shi a waya, aka ce Sadiya ta faɗi a bakin murhu. Da ya iso ya tarar ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, maganar nan da ba ta ƙarewa ta koma kalma ɗaya ɗaya. Aka yi asibiti, aka yi na gida. Bilqis ta zo ta zauna har watanni, ga goyo, ga miji can shi kaɗai. Wata safiya Zarami ya ce ta haɗa kayanta ta koma ɗakinta, shi zai riƙe uwarta. Ya kai wa mai mota makullinsa, bai ƙara hawa ba.

Monday ne ya samo masa tsohon injin niƙa, ya gyara shi, ya kafa masa a zauren gida, don ya riƙa samun na cefane ba tare da ya yi nisa ba. Haka rayuwar ta koma. Zarami ya ɗaga Sadiya, ya wanke ta, ya juya ta kada kwanciya ta ci mata baya, ya dama kunu ya ba ta a cokali, ya wanke zannuwa ya shanya. Da farko maza 'yan'uwansa sun yi ta magana a majalisa, wai namiji da wankin zani. Da abin ya daɗe suka gaji suka daina. Helen takan hau babur daga Kazaure duk mako ta zo ta yi wa Sadiya kitso, ta zauna tana ba ta labarin gari, ita kuma tana dariya da rabin baki. Daga baya gwiwoyin Monday suka hana shi shiga ƙarƙashin mota, 'ya'yansu da ke aiki a Ikko suka matsa sai sun koma kusa da su. Suka tafi, zauren ya ƙara yin shiru.

Kusan shekara goma Zarami ya yi yana wannan jinya, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Sai da Allah ya karɓi ran Sadiya a farkon bazara, aka share makoki, jama'a suka watse, sannan gajiyar ta sauko masa gaba ɗaya. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, amma in ya zauna tashi sai ya zama aiki. Mata su kawo niƙa su yi ta sallama, yana ji, ya kasa amsawa. Ya rame, riguna suka yi masa yawa. Bilqis ta kai shi asibiti, aka auna aka ce jininsa lafiya lau.

Ita ce ta kira Helen tana kuka. Bayan 'yan kwanaki Monday ya kira shi da kansa.

"Mutumina, Purity ta yankar maka tikitin jirgi," in ji shi. Purity ita ce babbar 'yarsu. "Ka zo ka zauna da mu. Ba aikin da za ka yi."

"Ɗanliti, ni da na san hanyar Ikko kamar tafin hannuna, me zan yi da jirgi?"

"Bayanka ba zai ɗauki zaman mota ba yanzu. Ni na san bayan nan, tare muka lalata shi. Ka zo kawai."

Zarami ya so ya yi gardama, amma ita ma gardamar ƙarfi take so. Ya ce to.

Ranar tafiyar damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Surukinsa Jalaluddeen, mijin Bilqis, ya zo da safe ya ɗauke shi a babur zuwa Kazaure, da jaka ɗaya da ƙullin tsaraba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da ƙuli, duk Bilqis ta ɗaure a buhu ta ɗinke bakin. An yi ruwa da asuba, hanya ta yi laushi, duwatsun Kazaure sun yi kore har sama. Ya daɗe bai fito ya ga gonaki ba. Yana kallonsu, amma kamar na wani gari ne.

A tasha suka shiga motar Kano, Jalaluddeen ya nema masa gidan gaba. Direban yaro ne mai gaggawa. Duk sanda suka tunkari kwana ko aka ga awaki a bakin titi, sai ƙafar Zarami ta danna ƙasa tana neman birki. A da, da ya yi magana. Yau ya jingina kai kawai ya bar shi. Wajen Ɗambatta suka wuce wata babbar mota da lodin shanu, ya bi ta da ido ta madubi har ta ɓace.

A filin jirgi na Kano, Jalaluddeen ya yi duk abin da ake yi. Ya nuna tikitin a waya, aka auna kaya, aka ba su wata 'yar takarda mai lambar kujera. A ƙofar da ake tsayar da masu rakiya ya durƙusa.

"Baba, Allah ya kiyaye hanya. In kun sauka a sa Purity ta kira mu."

"Allah ya yi maka albarka. Ka koma da wuri kada hadari ya tare ka. Ka ce wa Bilqis ta daina kuka, ba ƙaura na yi ba."

Aka sa ya cire agogo da hula, ya ratsa ta wata ƙofa mai ƙara, aka mayar masa da kayansa. Ɗakin jira yana da sanyi da kujerun ƙarfe. Mutane kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Aka yi sanarwa cewa jirgin zai ɗan makara saboda ruwan da ake yi a Ikko. Wasu suka yi tsaki. Zarami bai damu ba. Wanda ya taɓa kwana uku a layin gada yana jira a janye motar da ta kife, jiran kujera a inuwa ba jira ba ne. Ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannu a kan ciki.

Yana nan zaune sai ga wani mutum mai matsakaicin shekaru, da shadda mai guga, yana turo wani dattijo a keken marasa lafiya. Suka tsaya a kujerar da ke kallonsa. Tun kafin su ƙaraso Zarami ya gane ciwon: hannun dama a lanƙwashe a kan cinya, kafaɗa ta zube, baki ya ja gefe. Dattijon ya zame a cikin keken, ƙugunsa ya yi gaba, wuyansa ya karye baya. Mutumin ya kama shi ta hannun da ya shanye yana ja, dattijon yana nishi.

Zarami ya kawar da kai. Ya kalli allon sanarwa, ya kalli takalmansa. A ransa ya ce ba ruwansa, ya yi nasa ya gama. Sai kuma wani abu ya taso masa wanda bai taɓa ji ba, wani sauƙi, cewa yau ba shi ne mai ɗagawar ba. Jin haka ya ba shi kunya, har ya yi istigfari a hankali. Dattijon ya sake yin nishi. Zarami ya dafa gwiwa ya tashi.

"Sannu, ɗana. Mahaifinka ne?"

"Shi ne, Baba. Sunana Yakubu. Asibiti zan kai shi a Ikko."

"Allah ya ba shi lafiya. Bari in kama maka. Kada ka ja ta wannan hannun, kafaɗar ba ta da mai riƙe ta yanzu. Zagayo ta baya."

Ya gaishe da dattijon tukuna, ya gaya masa abin da za su yi. Ya sa Yakubu ya zura hannaye ta ƙarƙashin hammata, shi kuma ya tallafi gwiwoyi, suka ɗaga tare. Dattijon ya zauna daidai, numfashinsa ya sauka. Zarami ya naɗe ɗan tawul ɗin da ke rataye a keken ya tokare masa gwiwar hannu. Da Yakubu ya kawo gorar ruwa zai kafa masa a baki, ya ce ya zuba a murfin ya riƙa ba shi kaɗan kaɗan ta ɓarin da ke da lafiya, kada ya shaƙe.

Yakubu ya zauna kusa da shi. Idanunsa sun yi ja, da gani ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

"Baba, aikin asibiti kuka yi?"

"A'a, direba ne ni. Mai ɗakina ce ta yi irin wannan."

"Ta samu sauƙi?"

"Ta rasu da bazarar nan."

Yakubu ya yi masa ta'aziyya. Can ya rage murya don kada mahaifin ya ji, ya ce, "Wata na biyu ke nan, amma ji nake kamar na shekara. Abin yana yin sauƙi kuwa daga baya?"

Zarami ya dubi dattijon. Ya san amsar da ake bayarwa, shi ma an sha ba shi ita.

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Nauyin ba ya raguwa, hannu ne yake sabawa. Kana da 'yan'uwa?"

"Muna da yawa. Amma ni ne babba."

"To ka bar su su kama. In wani ya ce zai kwana da shi, kada ka ce ba komai. Ka ba shi, ka je ka kwanta. Ni ban yi haka ba."

Da azahar ta yi suka yi salla bi da bi, ɗaya na tsaron dattijon. Zarami ya haɗa da la'asar, ya yi ƙasaru kamar yadda ya saba a hanya. Da aka kira shiga jirgi, ma'aikata suka zo suka tafi da dattijon da ɗansa ta gaba, bai sake zama kusa da su ba.

Kujerarsa ta bakin taga ce. Wata ma'aikaciya ta nuna masa yadda ake ɗaura bel. Jirgin ya yi ta rarrafe kamar mota mai lodi, ya tsaya, sannan ya ɗauki gudu. Zarami ya kasa kunne ga injin, don shi duk abin hawa ta sauti yake fara saninsa. Ƙarar ta cika, ba gargada a cikinta. Ƙasa ta sake su. Ya ga rufin gidajen Kano, ya ga titi da motoci kamar tururuwa, ya ga gonaki yanki yanki, sai gajimare ya rufe komai.

Ya so ya ga hanyar. Tun a gida yake tunanin ko zai gane Zariya, ko Tegina inda yakan tsaya cin tuwo wajen wata Banufiya, ko gadar Jebba. Ba abin da ya gani sai fari, shimfiɗe kamar audugar da aka baje a rana. Sau ɗaya gajimaren ya tsage, ya hango wani kogi ja yana lanƙwasa cikin daji. Ko Kwara ce, ko Kaduna, bai sani ba, kafin ya daidaita ido an rufe. Ya yi mamakin yadda ƙasar da ta ci masa ƙuruciya, ta cinye masa tayoyi da baya, take wucewa a ƙarƙashinsa ba ko girgiza.

Aka kawo ɗan kek da ruwa. Ya ɓare ledar, ya gutsuri gefen ya ci, ya bar tsakiyar mai laushi a kan takarda. Sai da ya kai hannu zai naɗe sannan ya tuna ba wadda zai kai wa. Ya zauna yana kallonsa. Daga baya ya cinye, ya sha ruwa, ya jingina kai da taga. Kunnuwansa sun toshe, maganar mutane ta koma nesa. Ba wanda zai kira shi a nan, ba abin da zai ƙone a wuta, ba kwanar da zai lura da ita. Wani ne yake tuƙi. Bai san sanda ido ya rufe ba, sai dirar tayoyi a ƙasa ce ta tashe shi.

Iskar Ikko ta tare shi a bakin ƙofa, mai ɗumi da danshi, da warin da ya sani tun yana yaron mota. Ya bi mutane har inda kaya ke zagayowa a kan bel, ya ɗauki jakarsa da buhunsa. Daga nesa ya hango Yakubu yana tura keken, wata mata da wani saurayi sun tare su suna karɓar jakunkuna. Yakubu ya ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.

A waje Purity ce ta fara ganinsa. Ya san ta tun tana rarrafe a garejin ubanta, yanzu ga ta babbar mace da makullin mota a hannu. Ta rusuna ta gaishe shi da Hausarta ta Kazaure da ba ta goge ba, ta karɓi buhun. A bayanta Monday yana tahowa da sanda, kansa fari fat, ya yi ƙiba. Suka tsaya suna kallon juna. Monday ya kama hannunsa da hannu biyu bai saki ba.

"Ka tsufa, mutumina."

"Kai ma ba ka ƙaru da ƙuruciya ba, Ɗanliti."

Gidan yana Ikorodu, ga cunkoso, ga yayyafi. Purity tana tuƙi, tsofaffin biyu suna baya. Zarami yana gane wasu wurare, wasu kuma gadoji sun haye su sun canza kama. Da suka yi nisa sai Monday ya ce, yana kallon gilashi, "Ban zo jana'iza ba. Ina kwance lokacin, an yi mini aiki a gwiwa. Amma abin yana cina."

"Ka zo lokacin da take da rai. Shi ne zuwa."

Monday ya share ido da bayan hannu, ya shiga faɗa da wani mai babur da ya gifta musu.

Helen tana tsaye a ƙofar gida. Da ta gan shi ta fara gaisuwa, "Baban Bilqis, sannu da hanya, ya haƙuri," sai ta juya ta koma ciki da sauri. Da ta fito ta wanke fuska, ta nuna masa ɗakinsa. An shimfiɗa sabuwar darduma, ga buta cike da ruwa a bakin ƙofa. Ta ce ta tambayi maƙwabcinsu Bayarabe Musulmi ya nuna mata alƙibla, naman miya kuma wajen Bahaushe ta saya, kada ya yi shakka. Ya ce shi da ya ci abincin hannunta shekara da shekaru, yau ne zai yi shakka.

Bayan magariba ta kawo tuwon shinkafa da miyar agushi. Ya ci kaɗan ya ajiye. Da ya tashi zai ɗauki kwanon ya kai wajen wanki, ta riƙe gefen kwanon.

"Ajiye. A gidan nan ba ka wanke ko cokali."

"Maman Purity, hannu ya saba."

"To ya koyi zama. Koma ka zauna wajen abokinka."

Ya koma ya zauna. Kwanakin farko bai yi komai ba sai barci da salla. Yakan fito baranda da hantsi, ya tarar da Monday ya miƙe ƙafar da aka yi wa aiki a kan kujera, su yi ta kallon masu wucewa. Wata rana su yi hirar direbobin da suka mutu da waɗanda suka rage, wata rana ba mai cewa uffan har a kira su cin abinci. A mako na biyu ya fara cinye tuwonsa. A na uku aka ji shi yana gardama da Monday a kan ko wace shekara ce ruwa ya cinye hanyar Mokwa, har Helen ta leƙo ta ce su rage murya jikanta na barci. Ranar Lahadi in sun tafi coci, shi yakan taka a hankali zuwa bakin ruwa, ya zauna yana kallon masu jiragen kamun kifi suna ja da raga.

Bilqis ta kira ta tambayi ranar dawowa. Kafin ya amsa Helen ta karɓe wayar ta ce kada a sa ido sai an cire gyaɗa. Haka kuwa aka yi. Ya dawo Roni da kaka, ya ɗan yi kumari, da buhun garin rogo da busasshen kifi na tsaraba. Gajiyar ba ta tafi duka ba, har yanzu yakan zauna a zaure ya yi shiru mai tsawo. Amma ranar Juma'ar farko da dawowarsa, bayan an sauko daga masallaci, bai wuce gida kai tsaye ba. Ya ratse majalisar da ke gindin darbejiya, aka matsa masa a kan tabarma, wani ya miƙo masa goro, suka ce ya ba su labarin jirgi. Ya ce ba wani labari, gajimare kawai ya gani, sannan ya gyara zama ya fara ba su.